Amanar Zabuwa

Da asuba aka buga ƙofata.
Harisu ne, jikan Tsahara, ko hula babu.
Wai ta zame a bakin rijiya,
ƙugu ya goce, likita ya ce sai Yamai.
Mota na jira a bakin kwalta.

A hannunsa kwando, an rufe da tsohon zane,
zanen yana motsi.
"Ta ce kai za ka riƙe mata Zabuwa.
Sati biyu, in Allah ya yarda."

Ni da ban taɓa shafa bayan kyanwa ba.
Ni da nake jifanta da takalmi
in ta hau katangar da ta raba mu.
Na raka shi bakin mota don in ce a kai wa wani,
sai muryar tsohuwar ta fito ta taga,
siririya, kamar zare ya kusa ƙarewa a kwarkwaro:
"Tela, ba ta cin tuwon da ya kwana.
Kan kifi, ko na dala ashirin ne."

Kwana uku ba ta dubi kwanon ba.
Ta shige ƙarƙashin keken ɗinki,
ido biyu kamar garwashin mai shayi.
Dare ya raba, ta haura katanga,
ta zauna gaban ƙofar da aka ɗana wa kwaɗo
tana kukan wanda ya zo biki ya tarar an watse.
Ni kuwa, mai furfura a gemu,
da fitila a hannu cikin lungunan Bagalam
ina "mussa, mussa,"
samarin majalisa suna tuntsurewa da dariya.

Rana ta huɗu ta ci.
Ba don ni ba. Yunwa ce ta yi mana sulhu.

Sati biyu ya zama wata.
Ta kwanta kan shaddar Alhaji Na-Allah,
ta bar masa gashi fari da baƙi,
na rage masa jaka guda a kuɗin ɗinki
ban faɗa masa dalili ba.
Ɓerayen da suka shekara suna cin zarena
suka kwashe kayansu ba sallama.

Ran Juma'a waya ta yi ƙara.
Tsahara ba ta tambayi gida ba, ba ta tambayi lafiyata ba.
"Kara mata a kunne."
Na durƙusa a ƙasa, ni da wayar.
Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba,
na dai ga wutsiya ta miƙe tsaye.

Wani dare da ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya
na ji ƙaramin tsiwa cikin kwalin ƙyallaye.
Uku, ido a rufe,
ɗaya a kan guntun atamfar amarya.
An ba ni amana ɗaya,
ga ta ta zama huɗu a hannuna.

Kwana arba'in da bakwai, Tsahara ta dawo,
da sandar ƙarfe, da warin asibiti.
Zabuwa ta sansana gefen zanenta, ta ja baya.
Fuskar tsohuwar ta faɗi.
Sai tari ya kama ta, tarinta na kullum,
wanda nake ji ta katanga kafin kiran salla.
Nan take kyanwar ta haye cinyarta.

Da kanta ta kwashe 'ya'yan,
ɗaya bayan ɗaya, a baki,
sawu uku ta kan katanga.
Na tsaya da almakashi a hannu ina ƙirgawa.
Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.

Jiya a kasuwa mai kifi ya miƙo ƙunshi
tun ban yi magana ba.
Na biya.
Na tsaya ƙofar Tsahara, na yi sallama,
na ce na zo duba ƙafa ne.
Ta dubi ƙunshin, ta dube ni.
"Tana bayan randa," in ji ta.