Na Sayi Wata

Ran ɗaya ga wata na je shagon Gidado a Bolari,
dab da mai gyaran janareta,
na ƙirga masa kuɗin fansho, sababbi da yagaggu.
Ya danna waya, ya ce, "Malam, an zuba maka wata."
Wata guda cur, kwana talatin.
Na ninke rasit na sa a aljihun gaba.

Kwana huɗu muka sha kallo:
labaran dare, tafsiri,
da tashar namun daji da jikana Bappa ke so,
inda zaki ke miƙe ƙafa kamar ba a bin sa bashi.

Ran na biyar hadari ya haɗo daga gabas.
Fuskar mai karanta labarai ta tarwatse kamar tangaram,
baki a nan, ido a can,
sai shuɗi.
Ruwa ya ɗauke, shuɗin bai ɗauke ba.

Ishaya ya hau kwano da sifana,
ya karkata farantin hagu, ya karkata dama.
"Yanzu fa?" Babu.
"Yanzu fa?"
Ya sauko yana kaɗe gwiwar wando:
"Baba, naka lafiya lau, daga can ne."
Can ina? Ya nuna sama da sifanar.

Na kira lambar da ke bayan akwatin.
Wata murya marar numfashi ta ce in danna ɗaya,
in danna uku, in yi haƙuri,
ta sa mini kiɗa.
Katin ɗari biyar ya ƙare a kiɗan da ban taka ba.

Hoto ya dawo ran Laraba, taransifoma ta ƙone ran Alhamis.
Kwana tara unguwa na lalube.
Akwatin a kashe, na rufe shi da ɗankwalin Inna,
amma can sama wani na zaune
yana tsinke mini kwanaki kamar mai tsinkar zogale.

Ni fa shekara ashirin da bakwai na yi ina duba awo
daga babbar kasuwa har Kumo.
Na san mudun da aka daka wa gindi,
na san sikelin da aka liƙa wa ƙusa a ƙasa.
Na ƙwace su da hannuna, an zage ni, an gode mini.
Mai masara in ya tauye, ga shi ga ka,
ka riƙe masa riga.
Wannan da ya sayar mini da wata,
ina rigarsa?

Ran ashirin da takwas saƙo ya shigo: kuɗi ya ƙaru.
Ba sallama, ba gafara dai.
Zakin Bappa ma an kora shi wani garke
da sai mai dubu goma sha ke leƙawa.

Rumasa'u, 'yar ƙanena, ta ce, "Kawu, daina faɗa wa bango.
Akwai ofishin da ke jin kukan masu saye. Rubuta."
Na ɗauko biro.
Na ce kwanan da ban gani ba a mayar mini da shi.
In zan yi tafiya, in iya ɗaure watana kamar akuya
in dawo in same shi.
In za a ƙara kuɗi a faɗa tun da sauran rana,
kuma a sa mutum mai numfashi a bakin waya,
ko da zai yi mini tsawa.
Na lissafa: goma sha bakwai na kalla, talatin na biya.
Hannuna bai manta aikin ba.

Kada in yi ƙarya, na sake biya.
Bappa ya yi kuka, ni kuma ba dutse ba ne.
Rasit na bakwai ya shiga gwangwanin shayi.

Litinin zan kai takardar, in Allah ya kai mu.
Daren jiya ba wuta, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida.
Bappa ya nuna sama ya ce, "Kaka, wancan nawa ake biya?"
Na ce kwanta.
Wancan yana cika kwanakinsa.