Takardar Ƙosai

Ƙosan ɗari biyu na saya a bakin Ƙofar Mata,
Iya Ladidi ta yago takarda ta ƙunshe min.
Ina tafe ina ci, mai ya ratsa takardar,
sai ga suna ya taso kamar kifi a kududdufi:
Sahura Tasi'u. Aji biyu.
'Yata.

Na ƙame a tsakiyar titi, mai adaidaita yana zagina.
Ga makinta na lissafi, talatin da ɗaya,
ga lambar wayata, ga Yakasai, har lungunmu,
ga cikon kuɗin jarrabawa da ake bina,
ga kuma layin da ya kashe min yunwa:
"Tana da farfaɗiya."
Maganar da ko maƙwabta ba mu bari sun ji ba,
makaranta kaɗai muka gaya wa,
don in ta faɗi a san yadda za a ɗaga ta.

Ban ga laifin Iya ba. Ita a kilo ta saya,
wurin wanda ya saya wurin wanda aka bar wa mabuɗi.
Asirin yara ɗari bakwai, kilo nawa ya yi?
Yanzu haka wa ke lasar yatsa a kan ciwon ɗan wani?

Na je ofis, aka ce mai gida ya fita.
Na koma, aka ce in rubuto.
In rubuto! A takarda!

Ni mai awo ne a Rimi, shekara goma sha tara,
ban taɓa lotsa gindin kwanona ba.
Amma sau uku a wata ake yanka min rasit:
na shara, na rumfa, da na abin da ba shi da suna.
Shara na nan, ta girme wa ɗana.
Rumfa na yoyo a kan gero.
Katon kantin da ya hau kan kwatarmu ya zauna,
ban taɓa ganin mai rasit ya tsaya a ƙofarsa ba,
sai dai ya rusuna ya wuce.
Ashe kwanon hukuma ma biyu ne,
na saye daban, na sayarwa daban.

Ran Talata na kai Inna Kulu asibiti.
Tun assalatu muka karɓi lamba, tamanin da huɗu.
Malamar jinya ɗaya ce ga ɗaki guda,
ƙafarta ta fi ta Inna kumburi,
duk da haka ta ce mana sannu. Ba da ita nake ba.
La'asar sakaliya aka ce fayil ya ɓata,
a buɗe sabo, a sake biya.
Na yi dariya har mutane suka waigo.
Na san inda yake.
A tambayi masu tsire.

A jikin bango akwai akwati, "Faɗi ra'ayinka."
Kwaɗon ya yi tsatsa, zanzaro ya yi gini a bakinsa.
Inna ta ce, wa ke buɗewa?
Na ce, mabuɗin ya yi ritaya.

Kai mai hatimi, kai mai kujera mai juyawa,
ba sadaka na zo roƙo ba.
Ajiya na ba ka, na zo gani.
Ranar neman ƙuri'a ba ka ɓata hanyar lunguna ba,
ka san sunana, har da na uwata.
To fito tsakar rana ka faɗa mana
wa ya sayar, wa ya karɓa, wa ya kau da kai.
In ni na tauye mudu, kasuwa ce za ta yi min ihu.
Kai fa, wa ke auna naka?

Takardar na aljihuna, na ninke ta huɗu.
Man ya fito, ya yi min taswira a ƙirji.
Da na koma gida Sahura ta gani,
ta ce, Baba, tuɓe in wanke maka.
Na ce, bari, 'yar nan.
Wannan tabon ba ke za ki wanke shi ba.