Rabin Taswira

Naira biyar ce kuɗin shiga gidan kallon Na'ibi,
a Gangare, bayan rumfar masu faci.
Benci mai ƙusa, janareto mai tari,
sanyin Jos na shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure yana cizon idon sawu.
Ni da Davou a layin gaba, wuya a miƙe kamar 'yan tsaki.

Ba ma jin Turancin. Ina ruwanmu?
Ga tsoho zai cika, ya damƙa wa yaro guntun fata,
ga kogo, ga gadar igiya, ga ƙwarangwal da zobe a yatsa.
Jarumi ya ɗaga ƙafa kan dutsen da bai kamata ba,
ɗaki duka ya ɗauka: Kai! Kar ka taka!
Ya taka.

Kakana Tanko ya shekara talatin yana haƙar kuza a Bukuru.
Taskar ta hau jirgin ƙasa ta tafi abinta,
shi aka bar masa shebur, da ciwon baya,
da koren kududdufin da aka hana mu zuwa bakinsa.
Shi ya sa in an ɓalle akwati a fim,
zinariya ta haska fuskar wanda ya tona da hannunsa,
sai in ji kamar an biya gidanmu wani tsohon bashi.

Mu ma mun binne tamu.
Gwangwanin madara: kwabo mai huji, murfin kwalba bakwai,
da haƙorina na gaba,
a gindin dutsen nan mai kama da tsohuwa da goyo.
Muka zana taswira a takardar siminti,
muka yaga ta biyu, kowa ya rantse da abin da gidansu ke rantsuwa.

Sai shekarar hayaƙi ta zo.
Garin ma aka yaga shi,
su Davou suka kwashe zuwa ƙetaren titi,
titin da akuya ke tsallakawa tana tuƙa,
ni shekara ashirin ban tsallaka ba.

Yanzu a waya nake kallo, a shagon ɗinki, bayan isha'i.
Ladiyo ta ce: Baba, ai ka san ƙarshen,
kogon zai rufta, su fito aljihu wayam suna dariya.
Na sani, 'yar nan. Ba akwatin nake jira ba.
Wurin nan nake jira
da mutum biyu ke ɗora guntayensu kan tebur,
bakin yaga ya sami bakin yaga,
kogin da ya tsaya a hannun wannan
ya ci gaba da gudu a hannun wancan.

Rabina na aljihun keke, tare da allurai da alli.
Taku arba'in daga shingen kerana, takun yaro,
wannan na tuna.
Amma gabas ne ko yamma,
yana rabin Davou.