Haɗin da Ba Wuta

Shekara arba'in ina haɗa ƙarfe da ƙarfe,
ban taɓa yi ba sai da wuta.
Gawayi, zuga-zugi, masaba da gumi,
haka na gada, haka aka san gidanmu a Majiya.

Sai ga Tasi'u, autana, ya dawo daga Gujungu
da ƙullin leda bai kai goro ba.
Ya kwance shi a kan uwar maƙera, na leƙa:
fil ne farare guda ashirin,
kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba,
sai wani awartaki mai haƙoran ɓera,
da moto biyu da ya ciro a cikin mataccen rediyo,
kowanne na jan jela biyu ta waya.

Na ce, me za a ƙera?
Ya ce, Baba, mutum-mutumi.
Na ce, irin na gona mai tsorata tsuntsu?
Ya ce, a'a, wannan da kansa zai yi tafiya.

Ya sa reza ya feɗe bakin wayar,
kaɗan, kamar mai yanke wa jariri akaifa.
Silin tagulla suka fito tsirara,
ya murza su, ya kwantar a cikin fil.
Ya ce, duba, fukafukai huɗu gare shi,
na gaba su rungumi tagulla,
na baya su cafki rigar roba,
kada ɗaya ya shiga aikin ɗaya.

Ya matsa, ya ja, ta zare.
Ya sake, ta sake zarewa.
Da na ukun ya tafi sai na ce, kawo nan, yaro,
ba a nuna wa maƙeri riƙon awartaki.
Hannun da ya lanƙwasa garma
ƙwayar shinkafa ce za ta ba shi wuya?

Na damƙa, na matsa irin tawa matsar.
Fil ya baje kamar an taka kiyashi,
tagulla ta tsinke gida biyu.
Na ɗauki wani, shi ma haka.
Yaron bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai,
kafaɗunsa ne kawai suke dariya.

Ya ɗora hannunsa a kan nawa,
hannun da ko kanta bai yi ba tukuna.
Ya ce, a hankali, har ka ji ƙas, sannan ka saki.
Na tafi a hankali. Na ji ƙas. Na saki.
Ya ja, ta riƙe. Ya ƙara ja, ta riƙe.
Ba darma, ba hayaƙi, ba ko tartsatsi,
ƙarfe ya kama ƙarfe da sanyin jiki.
Na yi shiru, na ji abin har cikin zuciya.

Huɗu muka matse, kaza ta tsince ɗaya a ƙasa.
Ya zura su a gidansu na baƙar roba,
ya ɗaura moto a gindin tsohuwar kula,
marafan jarka suka zama taya.
Ya sa batir.
Abin ya zabura, ya hau kewaya kansa
kamar ɗan kwikwiyo mai farautar jelarsa.
Barira ta leƙo ta saman zana, ta ce,
wannan gadon gidanku ne, gardama ba hanya.

Ashe ni na zura ja a gurbin baƙi.
Tasi'u ya ari allurarta ya ɗaga harshen robar,
ya zaro, ya sauya, ya ajiye a ƙasa.
Ya miƙe sak, ya ratsa toka,
ya wuce fartanyun mutane da ke jiran gyara,
ya fita ƙofa, yara na binsa da ihu,
bai tsaya ba sai da ya daki bakin rijiya.

Ranar nan ban hura wuta ba.
Fil ɗin farko da na baje yana nan a aljihuna,
nakan taɓa shi in zan ɗaga masaba.
Saura goma a cikin leda,
ya ce gobe za mu yi masa ido.
Na ce to, ka tashe ni da safiya.