Sa Hannu a Juno

Shekara talatin da ɗaya baya,
Verna Aposik na tsaye kan hasumiyar katako
a bakin kogin Kuskokwim, sauro na cin wuyanta,
tana ƙirga jan kifi ɗai-ɗai
da ɗan ƙarfe mai ƙas-ƙas a tafin hannu.

Yau ita ce darakta.
Teburinta ya fi kwalekwalen mahaifinta faɗi.
Taga na kallon ruwa, amma ƙarni ba ya shigowa.

Takarda ta zo da safe: kifi bai hauro ba,
a rufe kogi sati uku.

Ta san wanda abin zai faɗa wa:
kawu Wassilie, tarunsa a rataye,
rumfar ƙyafe kifi babu hayaƙi,
ga sanyi tafe, ba ya jiran kowa.

Waya ta yi ƙara, 'yan majalisa ne.
Ta ƙyale ta.

Babban yatsanta ya motsa shi kaɗai,
yana danna abin da babu,
ɗaya, biyu,
ya tsaya a bakwai.

Ta sa hannu.
Sannan ta kira kawu da bakinta,
kada gidan rediyo ya riga ta.