Ƙararrawar Gwaggo

A Mokoyo, a ɗakin tsoho Illa,
ƙararrawar tagulla ta yi kore bisa ƙusa.
Jikoki sun ɗauka ta makaranta ce.

Shekara sha tara yana ɗura wa wuta itace
a jirgin da suke kira Gwaggo,
kanwa da banda har wuyanta,
tana tari bisa Tafkin Cadi.

Ba hadari ya ci ta ba.
Ruwa ne ya tattare zanensa
ya bar ta zaune a gonar wake.
Maƙera suka zo da guduma.

Yanzu duk garmar da ya gani a kasuwar Maraɗi
sai ya ƙwanƙwasa da farce,
ya kai kunne.
Mai garma ya ce: "Tsoho, saye za ka yi?"