Abin da Mita Ta Ƙirga

A Halifax ruwan sama ba ya neman izini.
Tun Litinin yake dukan taga, kyauta,
amma wanda ke zuwa ta famfo
shi kam da takarda yake tafe.

Ta iso ran Alhamis cikin farar ambulan.
Na sa tabarau, na karanta sau biyu a tsaye:
fam ɗari shida da arba'in a shekara.
Bara ba ta kai haka ba.
Bara waccan kuwa Clifford na nan,
yana cika bahon wanka har wuya,
yana rera abin da shi kaɗai ke kira waƙa.

Ba abin da na sha suke ƙirgawa ba,
gidan suke kallo:
ɗaki uku, bene, ɗan lambu a baya.
Biyu a rufe suke, akwatuna ke kwana ciki.
Ni da kyanwa muke biyan kuɗin mutum biyar.

Glenys ta tsallaken titi ta ce kar in kuskura.
"Mita? Ni na sa, na gane kurena.
Samari huɗu, kullum ƙwallo, kullum taɓo,
injin wanki bai san Lahadi ba.
Yanzu ƙofar banɗaki nake tsarewa
da agogo a hannu kamar alƙalin wasa."
Na ce, Glenys, gidanki ai kasuwa ne, nawa kuwa...
Ban ƙarasa ba. Ita ma ba ta nemi ƙarshen ba.

Yaron da ya zo sa ta, Kieran,
ya durƙusa bakin titi cikin yayyafi,
ya ɗaga ɗan murfi, ya binne ta kamar iri.
"Ke kaɗai ce? To za ki ga sauƙi."
Da fara'a ya faɗa, shi a ganinsa albishir ne.

Sai ga ni ina koyon rowa da furfurata.
Buta, kofi ɗaya, ba ƙarin ɗigo.
Ruwan wankin dankali na furanni ne.
Da dare in ɗauki tocila da sanda,
in ɗaga murfin, in leƙa lambobin
kamar mai duba numfashin jinjiri.

Wani dare na rufe komai na fita,
na same ta tana tafiya, a hankali, ita kaɗai.
Famfon lambu ne,
wanda Clifford ya ce zai gyara ran Asabar.
Asabar ɗin ta shekara tara ba ta zo ba.
Ɗis. Ɗis.
Ashe duk tsawon nan alkawarinsa na zuba a ƙasa
ni ina ciki ban ji ba.
Mai gyara ya ɗaure shi cikin minti goma.
Na biya, na yi godiya,
na koma na tarar gidan ya ƙara shiru.

Takarda ta gaba ta zo da sauƙi, ba ƙarya.
Kusan rabi ya zube.
Glenys ta duba ta ce na more.
Na more.
Sai dai rabin nan na san sunansa,
na san lambar takalminsa.

Hutun Agusta ya kawo jikoki,
Imogen da ɗan autan, Rory.
Suka jawo tiyo tsakar lambu suna ihu,
ruwa na tashi sama yana faɗowa a banza.
Na ji lambobi na gudu a kaina,
bakina ya buɗe zai ce ku kashe!

Na rufe shi.
Na zauna a kan matakala.
Rory ya juyo ya jiƙa ni har gwiwa,
ya tsaya yana jiran faɗa, bai samu ba.

Can ƙarƙashin titi tana ta lissafinta.
Ta rubuta, kar ta rage ko ɗigo.
In takardar ta zo zan biya,
in ninke ta biyu
in sa a gwangwanin biskit
inda hotuna suke.